Jawabi Bisa Karatun Wasan Sidi Da Munka Yi Da Rani



Mai gari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu da kunka zo daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Kano, da Abijan, barkanku da zuwa, ina gajiyar hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar ƙungiya za ta kai musu wanga jawabi. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Mun gode da anka ba mu hili, mu da ba mu isa magana gaban manya ba. Dalilin tsayuwarmu sananne ne. Labari ya kai wurin ƴan bida cewa malaman lakwal na tara yara da dare suna koya musu yadda mutum ke kashe surukinshi, kuma wai cikin littahin ana cin Musulmi da yaƙi. Wani babanmu ya hana ɗiyarshi zuwa. Wani yayanmu ya aiko daga Kano ya ce a hidda ƙanenshi. Ba mu ga laihinsu ba, don kowa ya ji hakanan dole hankalinshi shi tashi. Shi ya sa munka zo mu faɗi abin da munka karanta, da yadda munka karanta shi, da abin da munka samu ciki. Bayan nan ku yanke, ko a ci gaba ko a bari.

Ga yadda abin ya faro. Da anka gama girbi hatsi ya shiga rumbu, masu ƙarhi sunka tahi bida, samarin da sunka rage ba su da abin yi da dare in ba karta da hira ba. Muna da wani tsohon littahi da munka taho da shi daga makarantar horon malamai. Can mun haddace shi don jarrabawa, ba mu san abin da ya ƙunsa ba. Sai munka ce bari mu gwada shi da Hausa mu gani. Munka fara mu 9, daren Alhamis da daren Asabar bayan lisha, cikin ajin manya. Kahin wata guda mun kai 23, ban da masu leƙe ta taga.

Ba teyatur munka yi ba. Babu tufahin sarauta, babu takobi, babu tsalle-tsalle. Kowa na zaune bisa benci, an ba shi mutum guda na cikin wasan shi zama bakinshi. Littahin guda ne, don haka kowa ya juye maganar mutuminshi cikin kaye. Sai a karanta da Faransanci, a tsaya, a taru a nemi yadda Bahaushe za shi faɗe ta. Wanda bai shiga lakwal ba shina ɗauka da kunne, kuma sau da yawa shi ne ke samo Hausar da ta dace, mu masu takarda muna inda-inda.

Mai littahin Bafaranshe ne, sunanshi Piyer Korney. An haihe shi garin Ruwan a 1606, ya rasu Pari a 1684. An fara nuna wasan a Pari farkon shekarar 1637. Kashi 5 ne, duka cikin waƙe, baiti sama da 1800. Amma labarin ba na Faransa ba ne, na ƙasar Ispaniya ne, wadda malamanmu sunka sani da Andalus. Sarkin da ke ciki, Don Fernan na ƙasar Kastil, ya yi zamani da gaske, ya rasu a 1065. Don ku gane nisan abin: bisa lissahin Tarihin Kano, Bagauda ya rasu a 1063.

Ga labarin a taƙaice. Akwai saurayi Rodirig da budurwa Shimen, suna son juna, iyaye sun yarda, aure ya kusa. Uban saurayin, Don Diyeg, tsohon barde ne, ƙarhi ya ƙare. Uban budurwar, Don Gomes, shi ne barden da ake ji da shi a lokacin. Sarki ya tashi zaɓen wanda za shi yi renon yarima, sai ya zaɓi tsohon. Don Gomes ya ji haushi. Suna hitowa daga fada magana ta kai su ga sa-in-sa, ya ɗaga hannu ya mari tsohon. Tsoho ya zare takobi, hannu ya kasa, takobin ya faɗi ƙasa. Da ya koma gida sai ya miƙa takobin ga ɗanshi, ya ce shi wanke mishi wagga kunya.

Saurayi ya shiga tsaka mai wuya. In ya rama ya rasa budurwa, in ya ƙi ramawa ya zama abin zunɗe, ita ma ba ta auren rago. Sarki ya aika ma Don Gomes manzo cewa shi ƙasƙantar da kai a shirya, ya ƙi. Rodirig ya tare shi, sunka kara da takobi, ya kashe shi. Shimen ta ruga fada tana neman sarki shi kashe wanda take so. Daren nan kuma jiragen ruwan abokan gaba sunka shigo ta kogi. Abokan tsohon su 500 sun zo don su rama mishi, sai ya ce ma ɗanshi shi ja su zuwa bakin kogi. Kahin su isa sun zama 3000. Sunka ci yaƙin, anka kama sarakuna 2, su ne sunka kira Rodirig Sidi, kalmar Larabci mai nuhin shugaba. Nan sunan wasan ya hito.

Yanzu sarki ba ya iya kashe wanda ya tsare gari, Shimen kuwa ba ta daina ƙara ba. Ta nemi a bar wani saurayi, Don Sansh, shi kara da Rodirig a madadinta. Sarki ya yarda ba da son ranshi ba, ya ce sau guda tak, kuma wanda ya yi nasara shi ne mijinta. Rodirig ya kaɓe takobin Don Sansh, amma bai kashe shi ba. Shimen ta zaci Rodirig ne ya mutu, ta faɗi abin da ke zuciyarta gaban kowa. Sarki ya ba ta shekara guda ta share hawaye, ya tura Rodirig yaƙi. Nan anka ruhe labule. Ba a nuna ɗaurin aure ba.

Wuri uku gardama ta tsai da mu, kuma su ne munka zo da su gabanku.

Na farko shi ne marin. Daren da munka kai wurin, wani kakanmu da ke zaune bakin ƙofa ya buga sanda ƙasa ya ce: "Ɗan halas ke nan! Wanda anka mari ubanshi ya kwana, ba ɗa ba ne." Samari sunka yi tahi. Sai wata uwarmu da ta rako ɗiyarta ta ce: "To Baba, da anka wanke kunyar, wa ya ci riba?" Munka tsaya munka yi lissahi bisa tabulo. Gari ya rasa babban bardenshi ranar da abokan gaba ke bakin kogi. Yarinya ta zama marainiya. Saurayi ya zama mai kisan kai, shina yawo shina roƙon a kashe shi. Tsohon da kanshi ya je gaban sarki shina cewa a sare kanshi a bar ɗanshi. Duk wanga bisa mari guda. Kakanmu bai janye maganarshi ba, amma ya ce lalle ramuwar gayya ta hi gayya zahi, kuma bai sake fashin zuwa ba har munka gama.

Na biyu ita ce Shimen. Samari sun ce munahuka ce, da rana tana neman kanshi, da dare ya shigo gidanta ya miƙa mata takobi ta ƙi kashe shi. Ƴan mata sunka ce a'a, ita kaɗai ce ta bi hanya. An kashe ubanta, ba ta ɗauki wuƙa ba, ba ta sa guba ba, fada ta tahi ta kai ƙara. Tsohon da anka mara kuwa, wanda ya hi ta shekaru da sanin fada, bai kai ƙara ba, ɗanshi ya tura. Wanga batu mu da kanmu ba mu taɓa lura da shi ba sai da yarinya ƴar shekara 16 ta nuna muna. Kuma ku sani ba garinmu anka fara wagga gardama ba. Tun zamanin mai littahin, majalisar masanan Faransa da anka kafa a 1635 ta zauna bisa wasan, ta ce bai dace ba budurwa ta yarda da auren wanda ya kashe ubanta. Abin da ya dami iyayenmu na nan ya dami nasu. Shi ya sa munka jaddada muku cewa wasan ya ƙare ba a ɗaura aure ba.

Na uku shi ne batun Musulmi, kuma nan munka nemi Liman ya zo da kanshi. Gaskiya ne abokan gaba na cikin wasan su ne waɗanda Turawa ke kira Mor, wato Musulmin Andalus da Magrib. Ba mu ɓoye ma yara ba. Amma mun gaya musu abin da tarihi ya tabbatar, don mai wasan kwaikwayo ba mai tarihi ba ne. Korney ya aje fadar sarkin a birnin Sebil, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya, alhali zamanin Don Fernan birnin na hannun Musulmi, bai faɗa hannun Kirista ba sai 1248. Yaƙin bakin kogin nan shiri ne na mai wasa.

Shi kuwa Rodirig na gaskiya, Rodirigo Diyas na ƙauyen Bibar kusa da Burgos, ba yadda wasan ya nuna shi yake ba. A 1081 sarkinshi Alfonso na 6 ya kore shi daga ƙasa. Ina ya tahi? Wurin sarkin Musulmi na Saragosa. Ya yi shekaru shina jan rundunar Musulmi, har a 1082 ya kama mai mulkin Barsalona, Kirista ɗan'uwanshi. Daga baya ya ci birnin Balansiya a 1094 ya mai da shi nashi, kuma marubutan Larabawa sun rubuta cewa ya sa an ƙone alƙalin garin da wuta. Ya mutu a 1099. Matarshi Himena, wadda ita ce Shimen ta wasan, ta riƙe birnin har 1102, lokacin da Murabiɗuna sunka karɓe shi. Su Murabiɗuna mutanen hamada ne masu ruhe huska da rawani, daga yammacin Sahara sunka taso, sunka ƙetare teku da sarkinsu Yusuhu ɗan Tashfin, sunka ci Alfonso a Zallaƙa a 1086. Kuma babu inda tarihi ya tabbatar Rodirigo ya kashe uban matarshi. Masu ba da labari ne sunka ƙara daga baya.

Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce ashe mutumin ɗan bida ne da takobi, inda abinci yake nan yake. Ya ce gara yaro shi ji labarin da wasu sunka shirya a kanmu gaban malaminshi, a nuna mishi inda anka ƙara gishiri, da shi je shi ji shi can waje shi haɗiye duka. Allah shi saka mishi da alheri. In mun ƙara mishi magana, ga shi nan zaune, shi gyara muna.

Yanzu ga abin da ya hi komi tsaya muna a rai. Ranar da anka raba mutanen wasan, kowane saurayi Rodirig yake so. Babu mai son zama sarki. Sun ce wanga sarki ba shi da ƙarhi: ya aika manzo an ƙi ji, an kawo ƙara ya ce a je a huta tukuna, an matsa mishi ya ce a dakata shekara. Dole munka ɗora ma wani ƙanenmu mai sanyin hali. Sai da munka kai ƙarshe munka gane cewa tun daga lokacin da maganar ta shiga hannun sarki, ba a sake zubar da jinin ɗan gari ba. Ya saurari mai ƙara, ya saurari wanda anka yi ƙara. Bai yanke hukunci cikin hushi ba. Ƙarhin saurayin nan da ya yi ɓarna cikin gida, ya juya shi waje inda za shi tsare gari. Da anka tilasta mishi karon takobi, ya ce shi da fadawanshi ba su zuwa kallo, don kada a ce abin ya samu albarkar sarauta. Abin da samari sunka kira rashin ƙarhi, shi ne aikin sarauta.

Mutanen Pari da sunka kalli wasan a 1637 sun san wagga magana sarai. Zamanin nan ƴaƴan manya na kashe juna da takobi bisa ƙaramar magana. A 1626 sarki Luwi na 13 da wazirinshi Rishiliye sunka hidda doka mai tsanani ta hana karon takobi. A 1627 wani ɗan babban gida, Butabil, ya taka dokar tsakiyar Pari da rana tsaka, anka sare kanshi duk da roƙon da manya sunka yi. Wato tambayar da ke cikin wasan ita ce tambayar da ke cikin garinsu: in an ci mutuncin mutum, hannunshi ke yin hukunci ko hukuma?

Iyayenmu, ku gafarce mu, tambayar tana cikin garinmu mu ma. Kowa ya san abin da ya faru da damina bisa iyakar gona. Ba mu kama suna, kuma maganar na gaban mai gari, ba mu da bakin sa wa ciki. Abin da kawai za mu tuna muku shi ne, kahin labarin shi kai fada, ya riga ya kai Kano da Abijan ta salula. Yaran da ke neman abin ciyar da gida sunka bar aiki sunka kama hanya, zuciya na tafasa. Allah ya kiyaye, manya sunka tare su tun a tasha. Amma wa ya san gaba?

Don haka muna da magana biyu. Ku ƴan'uwanmu na bida, wata rana salula za ta yi kuka, a ce an taɓa tsohonka, in kai ɗa ne ka zo. Ranar nan kai ne Rodirig. Ka tuna shi mai littahi ya kawo mishi yaƙi daren nan don shi wanke shi, ya kawo mishi sarki mai haƙuri. Kai babu mai shirya maka hakanan. Abin da ke jiranka jandarma ne da gidan kaso, da gonar da babu mai nomawa, da gidaje biyu da ba su ƙara gaisawa har jikoki. Ka zo, ba mu ce kada ka zo ba, amma ka sauka ƙofar mai gari kahin ka sauka ƙofar wanda kake hushi da shi.

Ku kuma iyayenmu, mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi, kuma mun san zahin da dattijo ke ji in an wulaƙanta shi gaban jama'a. Wanda ya karanta maganar Don Diyeg cikinmu sai da muryarshi ta yi rawa. Amma cikin wasan nan ba saurayi ya fara tunanin kisa ba, tsoho ne ya sa mishi takobi a hannu. Muna roƙonku da girman Allah, in abu ya faru, kiran farko shi zama na mai gari da liman. Kada a miƙa ma yaro takobi ta salula.

Ba mu ce karatun wasa na sasanta gari ba. Wanga aikin manya ne. Abin da munka gani da idonmu shi ne, cikin masu zuwa akwai yaran gidajen nan biyu. Da farko kowa na gehenshi. Da yake dokarmu ita ce duk mako biyu a canza mutum, wanda ya yi Don Diyeg sai ya koma Don Gomes, wanda ya yi mai ƙara sai ya koma wanda anka yi ƙara. Mutum bai iya zama bakin wani dare huɗu bai ɗan gane inda ke mishi ciwo ba. Ba su zama abokai ba, amma sun zauna benci guda sun riƙa ma juna hitila. Mu dai wanga ya ishe mu riba.

In kun yarda a ci gaba, ga abin da muke roƙo.

Na ɗaya, a bar ƴan mata su zo. Mun ɗauki alkawali kowane dare akwai uwa guda ko biyu cikin aji, kuma ƙarhe 10 an tashi, a raka kowa ƙofar gidansu.

Na biyu, ƙungiya ta taimaka muna da hitila 2 masu aiki da hasken rana, da kaye, da kuɗin hotokopi, don littahi guda bai isa mutum 23 ba. Wanda ke birni in ya ga tsohon littahin wasa wurin masu baza littattahai bakin kasuwa, shi sayo muna.

Na uku, kuma shi ne babba, muna son iyayenmu su zo su ba mu labarin sarakunanmu da na kafuwar garin ga, mu rubuta. Ba mu da niyyar dawwama bisa sarakunan wasu. Marigayi Andere Salihu, ɗan Damagaram, ya rubuta wasa bisa sarki Tanimun, an buga shi a 1973, kuma shi muke son karantawa rani mai zuwa in an samu. Bayan shi, in Allah ya yarda, sai namu na kanmu da Hausa. Amma abin da ke cikin kan dattijai, in ba su faɗa ba, ba mu da inda za mu samo shi.

In kuwa kun ga a bari, za mu bari, ba tare da hushi ba, don yaran naku ne kahin su zama ɗalibanmu. Roƙonmu guda, kahin a yanke, wanda ke da shakka shi zo daren Asabar shi zauna shi ji da kunnenshi. Gani ya kori ji. Benci na nan, kuma har yanzu muna neman wanda za shi yi muna sarki.

Inda munka yi daidai daga Allah ne, inda munka yi kure ku yahe muna, ƙuruciya ce. Allah shi ja zamanin mai gari. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare matahiyanmu, shi mai da kowa gidanshi lahiya, shi kau da hitina tsakaninmu. Amin.